Uku Saura Kwata

Talata, biyar da rabi na yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru yau ba. Na dawo gida da ƙafafuna, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, don dunduniyarsa ta karye a matakala lokacin da nake gudu. Baba ya cinye abincinsa tas har ya nemi ƙari. Lafiya lau nake.

Laraba, bakwai na safe

Tun ina budurwa nake aiki a kasuwar hannun jari, kuma shekaru ke nan makullin barandar ƙararrawa yana cikin jakata. Aikin ba shi da wuya, sai dai ba ya son wasa. Ƙarfe goma na safe in ja igiya, dillalai su ɓarke da ihu a ƙasa, wannan na saye wancan na sayarwa. Ƙarfe uku in sake ja, kowa ya sauke hannu ko da magana tana bakinsa. Ranar da aka gayyato babban baƙo kuwa, in ɗora hannunsa a kan igiyar, in tsaya a bayansa ina murmushin hoto, ina ja ta ƙasa a ɓoye, don yawancinsu hannunsu bai saba da komai ba sai biro. Doka ta ce ba a barin baƙo shi kaɗai a barandar nan. Na san dokar sarai, ni na buga ta a takarda na manna a ƙofar.

Baba, mahaifin maigidana, tsohon hedimasta ne. Tun da Mama ta rasu bara ya dawo gidanmu, kullum yana kujera ɗaya yana kallon bango ɗaya. Ni ce da karambanina na ce bari in kai shi wurin aikina ya sha iska. Ya kuwa sha.

Laraba, huɗu na yamma

Darakta ya karɓi makullin. Ya ce na ɗan lokaci ne. Yana maganar yana kallon fanka.

Alhamis, shida da rabi na safe

Na kai wa Baba shayi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ba sai kin gode mini ba, 'yata. Kowa yana mantuwa."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Na duba agogona na ga uku ta cika cif. Ke kin sauka tarbo baƙonku ba ki dawo ba, yaran nan kuma suna ta ihu a ƙasa kamar aji ba malami. Na ce a'a, ba za a ce surukata ta makara ina tsaye ba. Kin ji yadda suka yi tsit? Ashe hannun bai manta ba."

Na ce Allah ya saka da alheri. Wallahi haka na ce. Na shiga kicin, na rufe ƙofa, na cusa gefen zanena a baki na yi ihuna.

Alhamis, biyar na yamma

Agogon Baba yana gaba da kwata. Kowa a dangi ya sani, ban da mai agogon. A makon da aka kawo ni gidan nan aka ja ni gefe aka sanar da ni, tun kafin a nuna mini inda ake ajiye gishiri.

Wai Baba a ƙuruciyarsa sarkin nawa ne, mutum ne da zai tsaya gyaran hula a gaban madubi mota tana tafiya. Da aka ba shi hedimasta sai Mama ta tura hannun agogonsa gaba da kwata, ta yi gum. Agogon irin na da ne, wanda ake murɗawa, kullum da safe ita ke murɗa shi ta miƙa masa tare da shayi. Tun daga nan ko'ina shi ke fara isa, har ya yanke hukunci cewa duniya ce gaba ɗaya take makara. Ya hori yara ba iyaka kan makarar da ba su yi ba, ya kuma tashe su kafin kowace makaranta, don haka suka yafe masa. Duk tinƙahonsa a duniya shi ne bai taɓa makara ba. Da Mama ta rasu, maigida ya gaji murɗa agogon, ya gaji kwatan.

Na ce wa maigida, "Sai ka faɗa masa."

Ya ce, "Ni? Ai ƙararrawarki ce."

Na ce, "Ai mahaifinka ne."

Ya ce, "Shi ya sa."

Juma'a, sha ɗaya na safe

An ajiye ni a wani ɗan tebur kusa da injin kwafi, ba aiki ba sallama. A madadin ƙararrawa an kawo wata na'ura mai cewa tiit, tiit. Dillalai sun ce kamar tirela tana ja da baya, yau har wani ya matsa gefe.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko na samu ya fita daga kaina. Bangon zauren ciniki cike yake da agogo, kowanne yana nuna lokacin wani babban birni na duniya, babu mai nuna namu. Waɗanda suka gina wurin sun ce namu ai ƙararrawa ce. Don haka ranar Talata da suka ji ta, tsofaffin dillalan ƙasa suka sauke hannu, suka cire rigunan aiki, wasu har sun kai bakin mota. Ba wanda ya duba tsintsiyar hannunsa, alhali wani agogonsa ya fi albashina. Samarin da ke bene kuwa, masu ciniki a kwamfuta da abin ji a kunne, ba su ji komai ba, suka ci gaba har uku ta gaskiya. A cikin wannan kwatan ne farashin kamfanin siminti ya faɗi warwas.

Yanzu kasuwa ta rabu biyu. Waɗanda suka yi asara a kwatan sun ce kasuwa ta rufu tun da aka ji ƙararrawa, a soke cinikin. Shugabansu Dogo. Waɗanda suka ci riba sun ce wannan ba ƙararrawa ba ce, hayaniya ce. Shugabarsu Hajiya Tabarau. Mutanen nan sun yi shekaru suna cin abinci a tebur ɗaya, yau ko lifta ba sa shiga tare.

Asabar, tara na safe

Na kai takalmin wurin mai gyara. Ya ce wannan karyewar ta gudu ce, wa ya biyo ni? Na ce ya yi aikinsa.

Litinin, biyu na rana

Hukumar da ke sa ido kan kasuwa ta turo mai bincike. Siririn mutum ne mai sanyin murya, da jan biro a aljihun gaba, kuma duk abin da na faɗa sai ya ja masa layi. Ya ajiye mini hoton da kyamarar baranda ta ɗauka. Allah ya taimake ni, ƙyallen marhabin da muka rataya wa baƙon ranar ya rufe rabin kyamarar. Ba a ganin komai sai hula, da hannu riƙe da igiya.

Ya ce, "Hajiya, hular wa ce wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, hula ai duk kamarsu ɗaya."

Ya ja layi. Sannan ya buɗe mini dokar kasuwa, wadda aka rubuta tun kafin a san kwamfuta. In mai makulli ce ta buga, ko ta ba da izini, to kasuwa ta rufu, a soke ciniki, ita kuma mai makulli a sallame ta don sakaci. In wani ne ya buga ba izini, ciniki ya tabbata, mai makulli ta sha gargaɗi, shi kuma a gurfanar da shi gaban hukuma kan yi wa kasuwa zagon ƙasa, da sunansa da hotonsa a jarida. Ya ce kwamiti zai zauna Litinin ta sama, in zo da amsa ɗaya.

Gaba kura baya sayaki. Amma lafiya lau nake.

Talata, shida na yamma

Dogo ya zo har gida da katan na lemo. Ya ce, "Yaya, kowa ya san ke mace ce mai tsayawa kan aikinki. Ki ce kawai ke kika buga. In sun kore ki, ofishina yana neman mai amsa waya." Bai gama fita layin ba sai ga Hajiya Tabarau da kwalbar turare. Ta ce, "Ƙawata, kar ki kashe kanki don wani ƙaton banza. Ki faɗi sunansa, mu muna bayanki." Ƙaton banzan yana zaune a gabanta yana shan lemon Dogo, har yana tambayarta wace makaranta ta yi.

Da ta tafi ya ce, "Abokan aikinki suna da kirki. Sun ji labarin ne?"

Na ce, "Sun ji, Baba."

Ya ce, "Kar su yi ta yaɗawa, ba na son yabo."

Laraba, bakwai na safe

Ana wata ga wata. Maigida ya tuna cewa da Baba ya yi ritaya, ƙungiyar malamai ta ba shi kyautar 'yan hannayen jari, kuma a kamfanin siminti. Duk ribarsu a shekara ba ta biyan gyaran takalmina. Amma na hango Mai Jan Biro yana rubuta cewa mai hannun jari ya ga farashi zai faɗi, ya hau baranda ya rufe kasuwa. Na hango layin da zai ja a ƙarƙashi, har takardar ta yage.

Laraba, uku saura kwata na rana

Kowace rana in lokacin nan ya yi sai in ɗaga kai in kalli barandar.

Alhamis, biyar na yamma

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Baba ya warke. Mutumin da shekara guda ba ya cewa komai sai "to", yanzu shi ke tashin gida. Ya koma aske gemu, ya sa an wanke masa riguna, jiya har ya tsaya a ƙofar gida yana duba agogo yana girgiza kai ga 'yan makarantar da ke wucewa. Ya ba mai kanti labari, ya ba mai wanki, kuma kowace rana ƙararrawar ƙara girma take. Yau na ji yana cewa sai da ya sa hannu biyu.

Maigida ya ce rabonsa da jin dariyar mahaifinsa tun Mama tana da rai. Ya faɗa yana goge ido, ni kuma ina wanke kofi ɗaya har sau nawa. Ina son aikina. Ina son igiyar nan da ta yi laushi daidai inda nake riƙewa, ina son shirun da ke sauka a zauren bayan bugu na ƙarshe. Ban iya amsa waya ba, ni da nake katse wa mutane magana.

Juma'a, sha biyu na rana

Na'urar tiit ta maƙale yau, ta yi ta kuka har aka zare mata waya. Ban yi dariya ba. Na je bayan injin kwafi na yi.

Asabar, takwas na safe

Laifin rediyo ne. Kullum ina rage murya in an zo labarin kasuwa, yau ina soya ƙwai hannuna da mai. Mai labarai ya ce kwamiti zai zauna jibi kan ƙararrawar da aka buga da uku saura kwata, kuma ma'aikaciyar da ke riƙe da makulli na iya rasa aikinta.

Baba ya ce, "Rediyo ma ta lalace. Wane irin saura kwata?"

Maigida ya duƙa yana neman abin da bai faɗi ba a ƙarƙashin tebur. Baba ya dubi agogonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye cokali ya shiga ɗaki. Ƙwan ya ƙone.

Asabar, shida na yamma

Bai fito ba. Abincin rana ya dawo yadda na kai shi.

Lahadi, huɗu na yamma

Da safe maigida ya je karɓar agogon don ya murɗa, Baba ya ce ya bar shi. Ya koma kujerarsa da bangonsa. Na gama shawara: gobe zan ce ni ce. Na goge kayan da zan sa, na karɓo takalmina, na gwada cewa "Ofishin Dogo, barka da rana" a gaban madubi. Muryar ta fito kamar ina bin wani bashi. Lafiya lau nake.

Litinin, biyar na yamma

Na fita da sassafe ban leƙa ɗakin Baba ba, don kar in ga fuskarsa in karaya. Na tsaya a barandar ƙasa na ɗan kalli ƙararrawata daga nesa, sannan na hau ɗakin kwamiti. A kan bencin ƙofa na tarar da shi zaune, da sandarsa, da babbar rigarsa, da hular nan ta cikin hoto. Ya riga kowa zuwa, har mai buɗe ƙofa.

Na ce, "Baba, don Allah ku koma gida."

Ya ce, "Kin makara."

Aka shiga. Darakta a tsakiya, Mai Jan Biro a gefe, Dogo da mutanensa a dama, Hajiya Tabarau da nata a hagu. Mai Jan Biro ya dubi hoto, ya dubi kan Baba, ya sake duban hoto. Na yi sauri na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce na buga."

Baba ya ce, "Ni ne."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ni ce. Ko kuma ni na ba da izini."

Ya ce, "Ke kina da hula? Zauna. Ba ki ba ni izini ba, cewa kika yi in zauna a kujera kar in taɓa komai, har sau biyu kika faɗa. Kai kuma mai tsawon nan, cire hannu daga aljihu ana magana."

Dogo ya cire. Ni na zauna, don ban san lokacin da ƙafata ta yi biyayya ba.

Mai Jan Biro ya tambaye shi hannayen jarin siminti. Baba ya zaro takardar daga aljihu ya ce ga su, in akwai mai so a cikin masu ihun nan ya saya yanzu, a ba shi kuɗin mota. Ba wanda ya taya. Sai Mai Jan Biro ya ce, a hankali, "Baba, ko kun san agogonku yana gaba?"

Na rufe ido. Da ƙasa za ta tsage da na shige da takalmina sabon gyara.

Baba ya ce, "Yaro, na yi shekara talatin da wani abu ina koyar da lissafi. Tun makon farko na sani. Matata ce ta tura shi, tana tsammani ban gani ba. Na bar shi, don in na gyara ta san na kama ta, kuma ita tana jin daɗin ta yi mini wayo kowace safiya. Sai na riƙa bin agogon a abin da ya shafe ni, in cire kwata a abin da ya shafi hukuma. Yaran makaranta kuwa, tashin wuri bai kashe kowa ba." Ya shafa gilashin agogon da babban yatsa. "Ranar nan ban cire ba. Ban ma tuna akwai abin cirewa ba sai da rediyo ta faɗa. Tun da ta tafi abubuwa suke zame mini. Wannan yarinya ba ta da laifi sai na tausayin tsoho. Ku rubuta sunana, ku rubuta shi daidai, in kuma jarida za ta sa hoto a sa wanda fuska ta fito."

Ɗakin ya yi irin shirun da nake so, na bayan bugu na ƙarshe. Hajiya Tabarau ta cire tabarau tana gogewa. Mai Jan Biro ya mayar da biron aljihu bai ja layi ba.

Laraba, huɗu na yamma

Hukunci ya fito. Ciniki ya tabbata, ba a soke ba, Dogo ya daina gaishe ni, kuma na ji yana cigiyar katan ɗinsa. Ba kotu, ba jarida. An haramta wa Baba shiga ginin kasuwa har abada, ya ce a sa masa takardar a gilashi. Ni na sha gargaɗi mai shafi biyu, kuma ba zan ga makulli ba sai bayan wata uku, in na'urar tiit ba ta gaje ni ba kafin nan. An ce za a rataya agogon garinmu a zaure, an kafa wani kwamiti ya zaɓi bango.

Ba lafiya lau nake ba. Na yi kuka a motar haya, har direba ya rage kuɗi.

Alhamis, bakwai saura kwata na safe, ko bakwai cif

Na kai wa Baba shayi. Ya kwance agogon ya miƙo mini, tuni agogon ya tsaya don ba wanda ya murɗa. Ya ce, "Ɗana hannunsa nauyi gare shi. Ke kika san lokaci a gidan nan, ki saita shi daidai."

Na karɓa, na juya masa baya kamar ina neman haske a taga. Na murɗa shi, na dubi agogon bango, na saita daidai, sannan na tura gaba da kwata. Na ajiye shi a gefen kofin.

Ya ɗaura. Ya dubi nasa, ya dubi na bango, ya kurɓi shayi. Ya ce, "Na bangon nan yana makara. Ki gaya wa mijinki."

Na ce, "To, Baba."